Shekarar da Aka Haɗe Mazaɓarmu

Salleni, ƙarshen watan Asoj, 2074 a kalandarmu

Zuwa ga ƙanwata, Bahini Dilsara,

Ina gaishe ki, ina gaida yaranki da duk mai cin abinci a gidanki. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini gardama a hawan dutse. Ɓaunata da nake tatsa ta haihu, shinkafa ta fara ja, tamba ma ba laifi.

Kada ki tambayi wanda ya rubuta mini wannan. Ni ne Gopilal, da hannuna. Rabonmu da juna tun bikin 'yata Kausila, lokacin ko sunana da babban yatsa nake sawa. Bayan rasuwar matata na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, ni kaɗai namiji a cikin mata, suka yi ta mini dariya har na iya. Waya kuwa kin san garinmu, ba ta kamawa sai a gindin bishiyar da ke bakin shagon shayi, inda in ka yi tari rabin gari ya ji. Maganar da ke bakina ba ta gindin bishiya ba ce. Kakanki da kakana ciki ɗaya suka fito, kuma yau ba ni da wani babba na jini da ya fi ki kusa.

Amma fara da jin mai daɗin. Kausila ta haihu! Mace, a watan Asar. Bayan shekara goma sha ɗaya, Dilsara, bayan na daina tambaya, na daina ko kallon cikinta don kada ta ga ina kallo. Ranar suna na tsallaka kogi da man shanu da kaji, aka ɗora mini ita a hannu. Ba ta kai nauyin ƙaramar kabewa ba. Ta damƙe ɗan yatsana ta ƙi saki, sai da uwarta ta ɓamɓare. Sunanta Purnika. Duk hanyar dawowa ina gaya wa mutane, har wanda bai tambaye ni ba, har wani mai dakon siminti da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Baba, na taya ka murna, amma ka matsa in wuce, kaya ne a bayana."

In ta cika wata biyar za a yi mata bikin cin shinkafar farko. Kausila ba ta da wa, ba ta da ƙane, don haka a ɓangaren uwa ni ne kawu, ni ne kaka, ni zan sa mata shinkafa a baki. Na riga na kai wa tela jan yadi na rigarta. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar cokalin nan ɗaya ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kin san tun da aka fara zaɓe kogi ne ya raba mu. Mu nan mazaɓa ta ɗaya, Pipalneta, garin mijin Kausila, mazaɓa ta biyu. A wannan gefe gidan mit ɗina ne ke tsayawa takara. Tun muna samari masu kiwo ni da shi muka yi rantsuwar zama 'yan'uwa a gaban wuta, muka yi musayar hula. Har yau ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba zan rubuta shi ba. Zamanin sarki, da babu jam'iyyu, mahaifinsa ya tsaya, na buga masa hatimi, ya faɗi. Da aka buɗe jam'iyyu mit ɗina ya tsaya da kansa, ya ci, ya faɗi, ya sake faɗuwa, duk ina bayansa riƙe da tuta. Shekarun yaƙi babu zaɓe sai ɓuya, a rumbun masarata ya zauna lokacin da ake nemansa. Bayan yaƙi ɗansa Tularam ya ɗauka, alamarsa tulu, shi ne kan kujera yanzu. A can gefe kuwa ƙanin surukina Himlal ne ke ci, wato ƙanin uban mijin Kausila, alamarsa tsani. Ban taɓa ganin wahala a cikin wannan ba. In tulu ya ci na yi rawa a nan. In tsani ya ci na tsallaka gada na rataya masa furanni, na shafa masa jan gari a goshi, na ci naman akuya. Su da kujeru biyu, ni da cikina ɗaya ina cin biki biyu.

Yanzu an ce an haɗe mazaɓun, kujera ɗaya ta rage. Tularam zai tsaya, ƙanin Himlal zai tsaya.

Bikin Dashain ya wuce Kausila ba ta zo na sa mata albarka ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Aka ce hanya ba ta da kyau ga jaririya. Na haɗu da Himlal a kasuwa, na tambaye shi ranar bikin shinkafa. Ya dafa kafaɗata ya kira ni da sunan da surukai ke kiran juna, ya ce, "Samdi, purohit, limaminmu, yana nan yana duba mana rana. Ya ce taurarin bana ba za su fito sosai ba sai an san inda kowa ya tsaya." Ya yi dariya, ni ma na yi. Sai da na kai rabin dutse dariyar ta ƙare mini.

Ke kina cikin mutane, kina jin labari. Da gaske kujera ɗaya ce? Ko a nan ne kawai ake tsorata mu? Ki ba direban da ya kawo miki wannan amsa.

Yayanki,
Gopilal


Butwal, farkon watan Kartik

Zuwa ga yayana, Dai Gopilal,

Na rusuna na gaishe ka. Muna lafiya, ni dai ciwon suga ya hana ni shan shayin da nake sayar wa mutane. Yaran suna can ƙasar Larabawa suna aiki, sukan kira in sun ga dama.

Rubutunka kamar kaji sun bi ta kan laka, amma na karanta shi tas, har sau biyu. Da na zo wurin Purnika sai na bar madara ta ƙone, wani direba ya ce, "Didi, yau shayin hayaƙi muke sha?" Na ce masa ya sha ya yi shiru, an yi mana jika. Ubangiji ya raya ta. Bikin fitilu ya zo ya same mu nesa da juna, da kana kusa da na sa maka tika, jan ɗigon albarka, a goshi kamar yadda ƙanwa ke yi wa wa.

Maganar kujera gaskiya ce. Ba ku kaɗai ba ne, gundumomin dutse da yawa an rage musu. An ce mutane sun gangaro nan ƙasa, kujerun suka biyo su. In kana neman wanda za ka zaga, ka zage mu da muka gudo.

Amma Dai, me ya sa kake ɗaure kanka? A rumfar zaɓe akwai labule. Tularam ya zo, ka ce to. Himlal ya zo, ka ce to. Ka shiga bayan labule ka yi abin da ranka ya ba ka. Ni nan 'yan takara huɗu sun sha shayina, kowanne ya tafi yana ganin ni tasa ce.

Sai dai na san ka. Tun muna yara in ka saci lemo sai ka je ka gaya wa mai bishiyar. Don haka in dole sai ka zaɓa a fili, ga tawa, ka ji haushi in ka so. Mit ɗinka ya ci zamaninsa, yarinyar nan ko haƙori ba ta yi ba. Kuma ba kai ke wanke kwanoni a gidan Himlal ba, Kausila ce. Shekara goma sha ɗaya tana shan magana a kan haihuwa, yanzu da ta samu ta ɗan ɗaga kai, kada ta koma shan magana a kan ubanta.

Matar Himlal 'yar garin mijina ce, mukan yi waya. Ba muguwa ba ce, bakinta ne dai ba ya rufuwa. In akwai abin da zan iya yi ta wajenta, ina nan.

Ka riƙa shafa wa gwiwar nan mai da ɗumi.

Ƙanwarka,
Dilsara


Salleni, tsakiyar Kartik

Bahini,

Gaisuwa, ina lafiya. Direba yana ta danna mini hon, a kan gwiwa nake rubutu. Na sami mafita! Jiya ma'aikatan zaɓe suka zo makaranta suka nuna mana yadda za a yi. Himlal zai sami hatimina, zan sa wa Purnika shinkafa a baki da hannuna. Cikakken bayani yana nan tafe a motar jibi. Ki taya ni murna, tun jiya nake waƙa, har ɓauna tana kallona.

Gopilal


Butwal, ƙarshen Kartik

Dai,

Ina gaishe ka da murna. Mu lafiya lau.

Na jira motar jibin taka har na gaji. Motocin dutse duk 'yan takara sun ɗauke su haya, ko ɗaya ba ta gangarowa tasha. Wannan ma wani mai sayar da lemo zan ba, ya ce ta garinku zai bi.

Ba sai ka yi mini bayani ba, na gane. Ka zaɓi yarinya, kuma ka yi daidai. Na san abin bai zo maka da sauƙi ba, waƙar da ka ce kana yi ma na san rabinta kuka ne. Don kada ka sha kunyar zuwa ka faɗa da bakinka, na ɗauke maka wannan. Na kira matar Himlal na gaya mata cewa yayana ya rubuto da hannunsa, hatiminsa na tsani ne. Dai, da ka ji yadda ta yi ta sa maka albarka! Ta ce a ranar za ta sa a kira purohit. Ta miƙa wa Kausila wayar, na ji kukan jaririyar da kunnena, muryarta kamar ta mai tallan kifi, jininmu ce babu shakka. Kausila dai ba ta ce komai ba sai, "Baba ne ya faɗi haka da kansa?" Na ce shi ne.

Ka ga abin ya ƙare cikin sauƙi. Ka ci abinci, ka yi aski, ka shirya wa biki.

Dilsara


Salleni, farkon watan Mangsir

Bahini Dilsara,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya, an gama yankan shinkafa. Takardarki ta iso ni bayan abin da ke cikinta ya riga ta zuwa.

Ba haka nake nufi ba, Dilsara.

Ga mafitar da na ce na samu. Ma'aikatan zaɓe sun ce bana ba takarda ɗaya za a ba mutum ba, har uku ne. Da na ji haka sai na ce shi ke nan, ɗaya ta tulu, ɗaya ta tsani, ta ukun in ba duk wanda ya fi kyau a hoto. Himlal ya sami hatimina, Tularam ma ya samu, kamar yadda aka saba. Rabin maganar na rubuta miki, direba ya tafi da ita. Washegari na je wurin malamarmu ta ajin yamma don ta ƙara tabbatar mini. Ta shimfiɗa mini takardun gwaji a tebur. Ga tulu, ga tsani a ƙarƙashinsa, a takarda ɗaya. Sauran biyun na wasu kujeru ne daban. Na ce to in na buga wa duka biyun fa? Ta ce, "Baje, kakanmu, sai a jefar da ita, ba ta kowa ba ce." Na daɗe ina kallon takardar nan. Da ban iya karatu ba ma da na ce ban gani ba.

Ina cikin wannan sai ranar kasuwa na ji sunana a lasifika. Motar masu tsani ce ta tsallako, Himlal a samanta yana cewa, "Jama'ar Salleni, ko Gopilal, mit ɗin uban Tularam, ya dawo wajenmu! Da hannunsa ya rubuta!" Ina tsaye riƙe da gishirin da na saya, kasuwa duka ta juyo tana kallona.

Da yamma ya zo har tsakar gidana da mutane kamar ashirin. Ya zo da ƙoƙon jan ƙarfe da ganyen tulsi mai tsarki a ciki. Kin san da su ake rantsuwa.

Ya ce, "Samdi, albishirinka. Taurari sun fito. Ashirin da takwas ga Mangsir. In ta wuce sai watan Pus, kuma ka san ba a biki a Pus."

Na ce na gode.

Ya ce, "Saura ɗan abu kaɗan. Ka riga ka gaya wa 'yar'uwarka, meye wahalar gaya wa tulsi?"

Na ce, "Samdi, tsakanina da kai har sai an riƙe ƙarfe?"

Ya ce, "Ni na yarda da kai. Waɗannan ne ba su yarda ba. Suna cewa matata ce ta ƙirƙiro zancen. Ka ga ba zan so a ce uwar gidan da 'yarka ke zaune maƙaryaciya ce ba."

Na duba cikin mutanen, ga mijin Kausila can baya, kansa a ƙasa. Na miƙa hannu na karɓi ƙoƙon. Na ce zan buga wa tsani, in na karya abin ya faɗa kaina. Himlal ya yi murmushi ya ce, "Haba Samdi, kai tsoho ne, me ya rage maka da zai faɗa wa? Ka ce a kan zuriyarka."

Zuriyata mutum biyu ce, Dilsara. Na faɗa.

Don haka labulenki ba shi da sauran amfani a wurina. Tulsi tana gani ta bayan labule.

Tun ranar ban fita ba sai yankan ciyawa. Shagon shayi ya gagare ni. Matan ajinmu in sun hango ni sai su ce, "Ga mai hawa tsani da gwiwa ɗaya! A hankali Baje, kada ka faɗo kan tulu!" A da in sun tsokane ni nakan rama. Na so in tsallaka in ga Kausila, amma duk wanda ya gan ni a kan gada zai ce karɓar lada zan je. Gidan mit ɗina kuwa ga shi nan sama da ni, ina ganin hayaƙinsa kullum. Yana kwance tun damina, ƙirji ya kama shi. Da, ba na kwana biyu ban leƙa shi ba. Yanzu ƙafata ta ƙi.

Shekaranjiya na yi kiciɓis da Tularam a hanyar rafi. Na so in kauce, hanyar ba ta da faɗi. Ya sunkuya ya taɓa ƙafata kamar kullum. Ya ce, "Mit-ba, Baba yana tambayarka. Ya ji lasifika, mun ce masa masu tallan magani ne." Ya wuce. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ban ce laifinki ba ne. Ni na rubuta rabin magana. Na dai ce da kin jira.

Yayanki,
Gopilal


Salleni, ashirin da shida ga Mangsir

Bahini,

Ina gaishe ki. Na ga 'yar takardarki ta ban haƙuri, ki daina kuka, ni ban riƙe ki ba. Ki karanta wannan da sauri, akwai aiki a ƙarshenta.

Ranar zaɓe na shiga bayan labule na buga wa tsani. Na hura tawadar har ta bushe, na naɗe a hankali don kada ta shafi wani wuri. Daga makaranta ban biya gida ba, na hau kai tsaye gidan mit ɗina. An fito da shi baranda yana shan rana, ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

Na ce, "Mit, daga makaranta nake."

Ya ce, "Na ga yatsanka."

Na ce, "Tsani na buga wa."

Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Na sani. Suna tsammanin kunnena ya riga ni mutuwa. Tallan magani wai! Wane magani ne ake kira Gopilal?" Can ya ce, "Hatimin ya fito sosai?"

Na ce ya fito.

Ya ce, "To ko wannan ka iya. Duk faɗuwar da na yi, kai nake zargi da ɓata takarda."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Da ka hau nan ka tambaye ni, da na ce ka buga. Jika ce, shekara nawa muna roƙonta tare. Amma ba ka zo ba, Mit. Lasifika ka aiko mini."

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna har inuwa ta rufe barandar, bai juyo ba. Na ce zan dawo gobe. Na dawo, aka ce yana barci. Na sake dawowa, aka ce yana barci.

An ƙirga ƙuri'a, tsani ya ci da dubbai. Tawa ko an cire ta ba wanda zai lura. Jiya da safe mit ɗina ya rasu. Na bi gawa zuwa bakin kogi a can baya, ban ɗauki makara ba, ba wanda ya ce in ɗauka.

A bakin kogi na tambayi purohit ɗinmu matsayina. Ya ce, "In har yanzu ɗan'uwanka ne, to zaman makoki ya hau kanka kamar kowane ɗan'uwa. Kwana goma sha uku ba gishiri, ba ka taɓa kowa, ba ka shiga biki. In kuwa ba shi ba ne, ka yi wanka ka tafi harkarka. Kai za ka faɗa, ba ni ba." Ƙanin marigayin yana jin mu, ya ce, "A bar shi ya tafi, mu ba mu ƙirga da shi ba. Yana da biki jibi-jibin nan." Da yamma ga ɗan aiken Himlal, wai yana mini ta'aziyya, wai mit ba jini ba ne, in yi wanka in zo, an sayi akuya biyu, an tanadar mini wurin zama kusa da sabon ɗan majalisa.

Kin gani? Tun Asoj kowa ke tare mini hanya, jiya kowa ya buɗe mini ƙofa.

Na aske kaina, Dilsara. Na ajiye gishiri.

Na san abin da za ki ce. Hatimin can na buga shi ne don Purnika, kuma in an sake zan sake. Amma wannan ba wanda ya riƙe mini ƙoƙo. In na yi wanka na tsallaka gada, to na faɗa da bakina cewa shi ba kowa ba ne, kuma ba ya nan balle in hau in ba shi haƙuri. Na roƙi Himlal a ɗaga ranar, ya ce Pus na bakin ƙofa, an riga an gayyaci gari.

Ga aikin. Ki rufe shago ki hau motar gobe, motoci sun dawo hanya. Ke ce za ki tsaya a ɓangaren uwa. Jar rigar tana wurin tela a kasuwarmu, ki karɓa da kanki, ni ba zan taɓa ta ba. Munduwar ƙafa ta azurfa tana wurin maƙeri kusa da shi, an gama. In an zo ba ta shinkafa ki ɗiba kaɗan, ki hura, kada ki cika mata baki. Ki gaya wa Kausila ba fushi nake ba, ba kuma ciwo ba. Kada ki bari su ce mata ubanta ya wulakanta gidan mijinta. Bakinki ya fi nawa, ki yi amfani da shi inda ya dace wannan karon.

Gopilal


A hanya daga Butwal, ashirin da bakwai ga Mangsir

Dai,

Gaisuwa da ta'aziyya. Ubangiji ya ba shi wurin hutawa.

Kai dai ba ka da magani. Ka sayar da gonar don sayen akuya, akuyar ta zo ka ce kana azumi. Na zage ka tun daga bakin shago har tasha, direba yana tambaya wa ya taɓa ni. Amma ina cikin mota, wannan a hanya nake rubuta ta, zan ba shi ya miƙa maka in mun iso kasuwa. Zan karɓi riga da munduwa. Matar Himlal kuwa ka bar ni da ita. Kafin in gama, Pipalneta duka za su san cewa Kausila 'yar mutumin da ba ya yar da ɗan'uwa ce, kuma su ne suka yi sa'ar suruki.

Ka sha ruwan ɗumi, sanyi ya sauko kuma kanka babu gashi.

Dilsara


Salleni, ashirin da takwas ga Mangsir

Bahini,

Ina gaishe ki, ina gaida Kausila, ina gaida mai jar riga. Ina lafiya, abinci ba gishiri dai sai a hankali.

Tun da safe na ɗauki tabarmata na koma ƙarshen gona, inda ake hango Pipalneta. Idona bai kai ya rarrabe mutane ba, amma na ga rumfa, na ga hayaƙi, iska kuma tana kawo mini ganga in ta ga dama. Na dafa shinkafata na ajiye a ganye ina jira. Da hantsi ya yi na ji an busa dogon ƙaho, na ce to yanzu ne. Na ɗiba na kai baki. Ni da ita muka ci tare, tata da madara da zuma, tawa lami. Na yi ta dariya ni kaɗai, hawaye na zuba, wani mai kiwo ya tsaya yana kallona, na ce masa jikata ce take cin shinkafa, ya duba ko'ina bai ga kowa ba.

Ina nan zaune sai ga matar mit ɗina ta gangaro cikin fararen kaya. Kin san al'ada, tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ta tsaya nesa, ta juya wa ɓaunata ta ce, "A gaya wa mai gidan nan, purohit ya tambayi mutum nawa zai tsarkake ranar ƙarshe. Tularam ya ce a sa da shi. Ya zo da wuri, ya zauna a layin 'yan'uwa." Ta juya ta hau. Ɓauna ta ci gaba da cin ciyawarta.

Kada ki koma Butwal ba ki biyo ta nan ba. Ba za ki shigo ba, ki tsaya bakin shinge, zan zauna daga ciki. Ina so in ji komai, kada ki rage. Rigar ta yi mata daidai? Ta yi kuka da aka sa mata munduwa? Da kika kai cokalin, ta haɗiye ko ta tofar?

Yayanki,
Gopilal